Sunana a Ƙasan Shafi na Tara

Assalamu alaikum masu bibiyata. Na ga saƙonninku kuna tambayar ko lafiya na yi shiru, wata baiwar Allah har cewa ta yi ko an kai amarya ne ba a gayyace ku ba. Ba a kai ba. Hannuna ne ya ƙi rubutun, yau ma da ƙyar na zauna.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Amatullahi Yahuza, a gida Amat. A Agege ta Ikko aka haife ni, bayan layin dogo, inda in jirgi ya wuce kwanukan mahaifiyata Inno ke rawa a kan kanta. Babana mahauci ne, shekara talatin yana harkar nama a mayankar Oko-Oba. Ni kuma kimiyyar haske na karanta har digiri na biyu, yadda ake haska jikin mutum a gane abin da ke ciki ba tare da an huda ko an yanka ba. Turawa suna ce masa biophotonics. Baba kuwa aikin tocilan yake ce masa.

Ba haka kawai na faɗa karatun nan ba. Shekara shida da suka wuce yayata Sa'adiya ta haifi A'ishatul Humaira, jaririya baƙa sumul irin jinin gidanmu. Kwana uku da haihuwa shawara ta kama ta, babu wanda ya gani, don rawayar ba ta fito a fatarta ba. Kafin a lura da idonta a ruga asibiti, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yau Humaira ba ta ji, ba ta zama sai an tokare ta da filo. Akwai na'urar da ake ɗorawa a goshin jariri ta auna shawara da haske, amma ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma a kan baƙar fata takan yi kuskure. Wannan kuskuren na sa a gaba.

Shekara uku na yi ina haɗa tawa. Ba ta fi tafin hannu ba. Kayanta daga kasuwar Alaba na riƙa sayowa, can Ojo, har masu shago suka sa min suna Hajiya Injiniya. Duk Talata da Alhamis sai in hau danfo, bas ɗin haya, zuwa wani asibitin haihuwa a Ebute Metta, in durƙusa gaban masu jego ina roƙo, wata da Yarbanci, wata da Hausa, wata da Turancin buroka, su bar ni in ɗora abin a goshin ɗansu kafin a ɗebi jininsa a kwatanta. Jarirai ɗari huɗu da sha biyu na auna. Ina iya tuna wanda ya yi min fitsari a hijabi, da wadda kakarta ta kore ni da tsintsiya wai na zo ɗaukar kurwa.

A ɗakin gwajin jami'a na haɗu da Zubair. Ƙaramin malami ne a sashenmu, ya girme ni da shekara bakwai, ɗan tsohon gida a Ebute Metta, irin waɗanda kakanninsu suka zo Ikko da aikin soja. Yarbanci ya fi Hausa gudu a bakinsa. Shi ya koya min yadda ake sa kwamfuta ta tace alƙaluma, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Ranar da na'urata ta ƙone karo na biyu na zauna a ƙasa ina kuka, ya fita ya sayo min gasasshiyar ayaba da gyaɗa, ya zauna ɗan nesa har na gama. Daga ranar na daina ce masa Oga Zubair, na koma Yaya Zubair. Wata biyu da suka wuce manyansa suka kawo gaisuwa, aka tsayar da Juma'a don sa rana.

Tun farkon shekara wata jami'a a Jamus ta buɗe gurbin digiri na uku, mutum ɗaya tak, shekara huɗu, a kan auna lafiyar jarirai da haske. Shi ya fara gani ya turo min. Ya ce mu nema mu biyu, shi da lissafinsa na kwamfuta, ni da na'urata, duk wanda Allah ya ba. Shi ya samu. Ni kuma aka turo min wasiƙar ban haƙuri, da wani layi a ƙarshe da na karanta ya fi sau ashirin: wai aikin da na bayyana ya yi kama sosai da na wani mai nema da ya riga ya tabbatar musu nasa ne, don haka ba za su duba takarduna ba. Na nuna wa Zubair, ya ce, "Haka suke rubuta wa kowa, kar ki sa a ranki." Na ɗauka wani ne can Indiya ya riga ni. Na yi kukana a banɗaki, na wanke fuska, na fito na taya shi murna. Har cincin na soya masa.

To, ranar Talata da safe, saura kwana uku Juma'ar, ina ɗakin Inno, tela ta aiko da ɗinkin sa rana. Shuɗin leshi ne mai duwatsu a wuya, da ɗankwalin gele ruwan toka. Inno ta shimfiɗa shi a gado tana shafawa kamar mai lallashin jariri.

"Gwada mu gani, Amat. Kin rame fa, kar ya zame miki buhu."

Ina cikin ɗaura zanin wayata ta yi ƙara, saƙon Zubair ne.

"Amat ina kwana. Abeg ki taimaka min, ina layin gwajin lafiya a Ikeja tun sassafe. Na turo miki takardu a imel, ki bugo min huɗun farko, gobe zan kai ofishin biza. Huɗun farko kawai fa."

"To Yaya. Ka karya kuwa?"

"Saƙonki ma ya ƙosar da ni."

Na yi murmushi ni kaɗai kamar sakarya. Inno ta gani ta taɓe baki tana dariya.

Shagon buga takardun yana kusa da Pen Cinema. Matar shagon tana goye da yaro, hannu ɗaya a kwamfuta ɗaya a waya. Na ce mata huɗu, ita kuwa ta danna duka bakwai.

"Aunty no vex, e don print finish," ta ce, ta tattara ta miƙo min.

Ina fitowa ruwa ya sauko, irin na Ikko mai cika kwata cikin minti biyar. Na raɓe a ƙarƙashin rumfar shagon, na rungume takardun kar su jiƙe. Don dai in rage jira na fara dubawa. Ta biyar ita ce bayanin aikin da ya aika wa jami'ar.

Shafi na farko na ga hoton na'urata. Ita ce, har da ɗan baƙin tef ɗin da na naɗe gefenta da shi. A ƙasan hoton an rubuta da Turanci: na'urar da na tsara kuma na ƙera. Na ce a raina kuskure ne. Na buɗe na uku, ga zanen sakamakona, ɗigo-ɗigo ɗari huɗu da sha biyu. Akwai ɗigo ɗaya can sama da ya ware daga sauran. Na san shi. Jariri na ɗari biyu da bakwai ne, ɗan tagwaye, da na'urar ta nuna yana cikin haɗari na ruga na kira nas a guje takalmina ɗaya ya cire. Uwarsa har yau tana kirana duk salla.

Na bi shafukan ina neman sunana. Na same shi a ƙasan shafi na tara, da ƙananan baƙaƙe. Ina godiya ga A. Yahuza, wadda ta taimaka wajen tattara awo a asibiti.

Takarda ta shida wasiƙar Dakta ce, malamin da ya duba aikina, yana shaida cewa Zubair ne jagoran binciken. Ta bakwai shaidar karɓar takardu ce, da kwanan wata. Sati uku ya riga ni aikawa. A sati ukun nan shi ne yake ce min, "Kar ki yi gaggawa Amat, bari in ƙara gyara miki Turancin."

Sai a lokacin na gane layin nan na wasiƙata. Ba wani ɗan Indiya. A wajen mutanen can, ni ce ɓarauniyar.

Ban san ruwa na dukan ƙafata ba sai da matar shagon ta leƙo ta ce, "Aunty, pẹlẹ, shift inside now." Na ɗauki hoton shafi na tara na tura masa. Ba kalma ko ɗaya. Na ga ya buɗe. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Kina ina?"

"Amat ki ɗauki waya."

"Gani nan zuwa gidanku. Don Allah kar ki faɗa wa kowa tukuna."

Bayan azahar ya iso a kan okada, wandonsa duk taɓo. Muka zauna a bencin baranda, shi a wancan ƙarshe ni a wannan, takardun a tsakiya.

"Ka ce kai ka ƙera ta," na ce.

"Ki saurare ni tukuna."

"Ka taɓa haɗa ko waya ɗaya a cikinta?"

"Ban haɗa ba. Amma wa ya rubuta lissafin da ya sa take ba da amsa? Ba don shi ba, fitila ce kawai kike ɗora wa yara a goshi."

Wallahi da mari na ya yi da ya fi min sauƙi.

"To ka rubuta haka mana. Ka ce ni na yi wannan, ita ta yi wancan."

Ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga.

"Mutum ɗaya suke so, Amat. Lissafi kaɗai ba zai ci gurbin ba, irinsa dubu suke gani. Shekarata talatin da huɗu, baɗi na wuce ƙa'idar tallafin. Shekara takwas ina koyar da 'yan aji ɗaya, ɗalibaina sun zama daktoci suna wuce ni a mota. Ke shekararki ashirin da bakwai. Kina da lokaci, ni ba ni da shi."

"Shi kuma Dakta?"

"Cewa ya yi gara ɗayanmu ya samu da mu rasa duka. Kuma ko ke aka ba, kina ganin Baba zai bar budurwa ta tafi Jamus ita kaɗai shekara huɗu?"

"Ka tambaye shi?"

"Ke kin tambaye shi?"

Ban taɓa tambaya ba. Tsoron amsar nake ji.

"Sun ɗauke ni ɓarauniya, Yaya Zubair. Duk inda na sake nema a fannin nan, mutanen nan sun san juna."

"Zan gyara in mun je. Za ki bi ni a matsayin matata, bayan shekara in shigar da ke wajen farfesan da zan yi aiki da shi can. Wallahi don mu biyu na yi."

"Ka shigar da ni a matsayin wa? Wadda ta taimaka?"

Ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda a ninke, ya ajiye a kan sauran. Ya ce abu ɗaya ya rage. Jami'ar ta nemi ya zo da ainihin littattafan awon, da takardun amincewar da iyayen jariran suka sa wa hannu. To duka sunana ne a kansu a matsayin mai bincike. Wannan takardar, in na sa hannu, tana cewa a ƙarƙashinsa na yi aikin, da umarninsa.

Na duba. An riga an buga sunana a ƙasa, an bar min layi.

"Yaushe ka yi niyyar nuna min wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Bayan Juma'a."

"Littattafaina suna ƙarƙashin gadona a jakar Ghana-must-go," na ce. "Kuma can za su zauna."

Na tashi na shige ciki, na yi karo da Inno a bayan labule. Ba ta ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

"Duk na ji," ta ce, ta biyo ni har ɗaki. "Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Shi ya ci, ba gidanki abin zai shiga ba? Da suna ake dafa tuwo?"

"Inno, shekara uku..."

"Ni shekara nawa nake shan maganar mutane? Duk bikin da na je sai an ce min, Iya Sa'adiya, 'yarki karatu ta aura. Yanzu Allah ya kawo yaro mai hankali, mai salla, ɗan mutunci, ya ce zai tafi da ke har ƙasar Turawa, sai ki tsaya rigima a kan wa aka rubuta a sama wa aka rubuta a ƙasa?"

Idonta ya ciko. Ba mugunta ba ce, na sani. Tsoro ne. Na ɗauki mayafina na ce zan je gidan Yaya Sa'adiya.

Na same ta a tsakar ɗakinta a Mangoro, ta jingina Humaira a ƙirjinta tana ba ta koko da cokali. Rabi na shiga rabi na dawowa ta gefen baki. Humaira ta gan ni ta yi wannan dariyar tata marar sauti, hannunta na fizga. Na zauna na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba.

"In kika rubuta musu gaskiya, me zai faru?" ta tambaya.

"Za su ƙwace gurbin."

"Su ba ki?"

"Ba lallai ba. Wataƙila su rufe maganar gaba ɗaya, su ce ba sa son rigima."

"Na'urar fa?"

"Ta koma cikin kwali. A nan babu kayan da zan ƙarasa ta, Yaya."

Ta goge wa Humaira baki da gefen zaninta, ta gyara mata wuya.

"Amat, ba zan ce miki bai zalunce ki ba. Ya zalunce ki, kuma Allah yana gani. Amma ni, da a ce ranar da na haifi yarinyar nan akwai abin nan a asibitin, wallahi ba zan tambayi sunan wanda ya ƙera ba."

Na zo wajenta ne don ta tsaya min. Na fito ban samu hakan ba, na tari keke napep. A cikin keke ina ta juya maganar, ina tambayar kaina ko duk wahalar nan don jarirai na yi ta, ko don a ce Dakta Amatullahi. Ban sami amsa mai daɗi ba. Duka biyun nake so, kuma ban ga laifin hakan ba.

Bayan la'asar na isa gida. Inno na bakin murhu tana tsinke ganyen miyar ewedu, fuskarta a sake.

"Kin ga abin da nake faɗa miki? Ashe har kun shirya. Zubair ya dawo bayan fitarki, ya ce kun yi waya, kin ce ya ɗauki jakar nan ya kai a yi kwafi."

Ban tsaya cire takalmi a ƙofa ba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Tsohon silifas ɗina ne kawai da akwatin littattafan sakandare. Inda jakar take, siminti ya yi fes. Na'urar ma a ciki take.

Wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne.

"Jakar tana wajena. Ba zan taɓa komai a ciki ba, ajiya ce kawai har ki huce. Kar ki yi abin da za mu yi nadama mu biyu."

A nan ƙasa Baba ya same ni. Ya dawo daga mayanka ke nan, bai ko cire takalmin robarsa ba, ledar nama a hannu, warin aiki a jikinsa.

"Lafiya?"

"Ba komai Alhaji, rigimar yara ce," Inno ta yi saurin cewa daga bayansa.

"Ba ke na tambaya ba."

Na faɗa masa. Ya saurara a tsaye har na gama.

"Ni ban san aikin nan naku ba," ya ce. "Jakar taki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Ke kika ce ya ɗauka?"

"Ban ce ba."

"To ya shigo gidana, ya yi wa mahaifiyarki ƙarya, ya fita da kaya."

Ban san abin da ya tura ni ba, sai na ji bakina yana tambaya. "Baba, da ni aka ba gurbin, da za ka bar ni in tafi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa.

"Da ni zan raka ki filin jirgi. Shekara uku ina ganinki kina fita cikin ruwa, kina tsammani ban san me kike nema ba?"

Wannan amsar ita ta ƙarasa karya ni. Na kifa kaina a gwiwa.

Ya miƙa wa Inno ledar naman, ya dube ni. "Tashi ki gyara mayafinki, mu je Ebute Metta."

Inno ta ajiye ledar a ƙasa ta tare bakin ƙofa da hannu biyu. Tun da nake ban taɓa ganin ta tare wa Baba hanya ba.

"Alhaji, na roƙe ka don Allah. In kuka taka gidan mutanen nan a kan takarda, auren nan ya mutu. Kuma duk Agege cewa za a yi 'yarka ce ta kashe shi da girman kai. Wa zai sake zuwa?"

Baba ya dube ta. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba ni zan zauna da shi ba, ba kuma ita ba. Amatullahi, in kin ce mu je, yanzu za mu tafi. In kin ce a bari, an bari, ba za ki ƙara jin maganar a bakina ba har in koma ga Allah."

Su biyu suka zuba min ido. Wayata na kan cinyata tana ta haske, shi ne ke kira karo na huɗu. Abin da na kasa faɗa wa Baba, ku zan faɗa wa, ku zage ni in kun so: a wannan lokacin, da duk abin da ya yi min, babu abin da nake so kamar in ɗauka in ji muryarsa.